Grado SR80e bayan shekara biyu: abin da salatif, ƙyalle da tsinke suka yi wa sautinsa

Ƙarfe ɗaya saura na dare ina zaune a falo da hedifon a kunne, a zatona duk gidan ni kaɗai ne ido biyu, sai na ji an dafa kafaɗata. Uwargida ce, riƙe da jaririya. Ta ce, "Maigida, don Allah a ɗan rage. Tun daga kan gado nake jin mai gurmin nan, har 'yan amshinsa." Labule ne kawai tsakanin falonmu da ɗakin kwana. Kwana uku ke nan da hedifon ɗin ya shigo hannuna, kuma tun daga daren na shiga neman yadda zan riƙe daɗin sautinsa ba tare da na hana iyalina barci ba.

Grado SR80e ne. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya samo mini shi na hannu, a lokacin sabonsa dala 99 ne. Kamfanin na iyali ne, a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Joseph Grado, wanda asalin sana'arsa aikin agogo ce, ya kafa shi a 1953 yana ƙera kan allurar garmaho. Hedifon ya biyo baya da jimawa: SR80 na farko ya fito a 1991, mai harafin e irin nawa a 2014, mai harafin x a 2021, kuma har yau da hannu ake haɗa su a can. In ka gan shi sai ka ce na ma'aikatan rediyon dā ne. Kofuna biyu na baƙar roba, kowanne yana juyawa a kan 'yar sandar ƙarfe, soso shimfiɗaɗɗe da ke kwanciya a kan kunne, da waya mai kauri da ba a cire ta. Turjiyarsa ga lantarki kaɗan ce, om 32, don haka wayar hannu ma tana tuƙa shi ba sai an nemo amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ba.

Aikina tace murya ne, hirarraki da shirye-shiryen da ake ɗauka don rediyo da intanet, kuma rabin aikin da dare nake yinsa a gida. A nan wannan hedifon ya kama ni. Muryar mutum tana zuwa gab da kai, tsaf, kana jin buɗewar leɓɓansa kafin kalma ta fito, kana jin fankar da ke juyawa a bayan mai magana, kana gane daidai inda aka yanka aka haɗa. In kiɗa ne, tsirkiyar gurmi ko ta garaya tana fitowa da ɗanɗanonta, har gogar yatsa a kanta. Ban taɓa sa wani abu a kunne a wannan kuɗin da ya ba ni murya haka ba, kuma har gobe ina kan wannan magana.

Sai dai hanyar da daɗin nan ke shigowa ita ce hanyar da sautin ke fita. A cikin kowane kofi akwai tantani siriri kamar leda, da naɗin waya manne da shi, da maganaɗisu a bayansa. Duk sanda tantanin ya turo iska wajen kunnenka, ya ja ta ne daga baya, in ya koma kuma ya tura ta can. Ke nan sauti biyu yake haifarwa, na gaba da na baya. Hedifon mai rufaffen baya yana tsare na bayan a cikin kofi, kuma masu ƙira sun auna girman kofin da abin da za su cusa a ciki don ya shanye shi. Mai buɗaɗɗen baya kuwa raga kawai aka sa masa, sautin ya fice abinsa cikin ɗaki, kada ya dawo ya dami tantanin. Sennheiser ne suka fara fitar da irin wannan ƙira a 1968 da HD 414. Saboda haka yoyon sautin Grado ba lahani ba ne, da gangan aka gina shi haka.

Kafin ka kashe ko sisi, ga gwajin da zai faɗa maka gaskiya. Kunna muryar wanda ka sani sosai, ka kawo tafukan hannunka kusa da ragar, ba sai ka taɓa ba. Tun kafin hannun ya iso za ka ji muryar ta fara shiga hanci. In ka rufe gaba ɗaya, mutumin ya koma mai magana a cikin randa. Na yi wannan gwaji, na ji da kunnena, amma duk da haka na ce bari in ga iyakar abin. Na yanka kwali zagaye guda biyu, na shimfiɗa auduga a ciki, na manne su a kan ragar da salatif. Abin da ke isa ɗaki ya ragu, gaskiya, amma bai ɗauke ba, domin soson gaba ma iska na ratsa shi. Ni kuma a kunnena kalangu ya rasa tsallensa, muryoyi suka cunkushe wuri guda. Ban kai asuba da kwalin ba.

Daga nan na koma ƙyallen ulu matsattse, irin wanda masu ɗinkin kujerun kushin ke amfani da shi, mai kaurin kamar milimita biyu. Wannan iska na bi ta cikinsa, don haka ba ya mayar da sauti baya kamar kwali. Ya ɗan danne tsitsitsin nan da ke fita, wanda shi ya fi damun mai barci, kuma abin da ya ɗauke mini a kunne kaɗan ne, ɗan faɗin fili da ake ji a kiɗa ya matse. Da na ninka shi biyu sai randar ta fara leƙowa. Falle ɗaya shi ne iyaka.

Dalilin da ƙyalle ba zai wuce haka ba lissafi ne mai sauƙi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya. Siririn sauti mai kaɗawa sau 10,000 a sakan, tsawon zangonsa, wato nisan da ke tsakanin kaɗawa ɗaya da mai bi mata, bai wuce santimita uku da rabi ba. Mai kaɗawa sau 1,000, wanda ke cikin yankin muryar mutum, santimita 34 ne. Mai kauri na sau 100 kuwa ya haura mita uku. Ƙyallen milimita biyu guntayen kawai yake iya taɗewa, dogayen ko sanin yana wurin ba sa yi. Sa'ar da aka yi ita ce, bes, wato sauti mai kauri, na hedifon buɗaɗɗe ba ya tafiya nesa, domin na gaba da na baya kishiyoyin juna ne, suna haɗuwa a gefen kofi su kashe juna. Abin da ke kaiwa ga mai kwance a gado shi ne saman murya da kaifin tsirkiya, wajen kaɗawa 2,000 zuwa 5,000 a sakan, kuma nan ne kunnen ɗan Adam ya fi ji.

Inda na ga canji na haƙiƙa shi ne soso, kuma a kansa na fi ɓata lokaci. Grado suna da soso iri-iri da suka sa wa haruffa. Wanda ya zo da nawa shi ne S, shimfiɗaɗɗe, ya rufe fuskar sifika baki ɗaya. Akwai L, mai siffar ɗan kwano da rami a tsakiya, da G, babba mai zagaye kunne. Masu wannan harka a Amurka suna yanke tsakiyar S daidai faɗin kwabonsu na kwata, kusan milimita 24, don sautin ya fito fili. Na gwada a tsohon soson, kaifi ya ƙaru, amma ba kaifi nake nema ba. Wasu kuma suna sa rawayen soson HD 414 ɗin nan, yana shiga daidai.

Ni L na nufa. Na farko da na saya a intanet, wajen wani mai sayarwa da ba zan ambata ba, jabu ne. Tauri kamar soson wanke tukunya, minti ashirin kunnena ya yi ja, kafin wata biyu ya fara zubar da gari a kafaɗar rigata. Na haƙura na jira aka kawo mini na asali. Shi ma sabonsa yana da ɗan kaushi, sai na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, na matse a tawul, na bar shi ya sha iska a inuwa kwana guda, ya yi laushi. Ƙarfen da ke bisa kai kuma na ɗan buɗa shi da hannu biyu a hankali, matsin ya sassauta.

Da L sifika ta ɗan ja baya daga kunne, babu soso a tsakani, fili ya buɗe, amma bes ya ragu, saboda yana sulalewa ta ƙofofin soson ta gefe. Maganin da aka daɗe da sani shi ne a naɗe gefen soson na waje da salatif. Yadda na yi: soson yana zarewa daga kofi kamar safa, ba gam ba kusa. Na ɗora shi a bakin ƙaramin gwangwanin madara don ya riƙe siffarsa. Na ɗauko baƙin salatif na masu wayarin, na kwantar da bakinsa a gefen soson, ina juya gwangwanin da hannun hagu ina shafa salatif ɗin da babban yatsan dama. Kada ka ja shi ko kaɗan. Irin wannan salatif in ka miƙe shi yana komawa, da safe ka tarar ya shaƙe soson ya tanƙwara shi. Zagaye ɗaya, bakin ya hau kan ɗan'uwansa da faɗin yatsa, a yanke. Kada ya taɓa fuskar da ke kwanciya a kunne, kada kuma ya shiga tsagar da ke kama kofi.

Na mayar, na kunna wani kiɗan kalangu da na sani kamar yunwar cikina. A bugun farko na ji cikin gangar, wannan gum ɗin da ke biyo bayan sanda, wanda a dā sai dai in ƙiyasta shi. Na daɗe zaune ban taɓa komai ba. Amma washegari da na koma kan aiki, wata hira da dattijo mai kakkaurar murya, sai na ji muryar ta yi nauyi fiye da yadda na san ta, ƙarshen kalmominsa na nutsewa. Rufewar ta yi yawa. Na cire, na tsaga salatif ɗin biyu a tsaye, na naɗa rabin faɗin kawai ta ɓangaren da ke kusa da kofi. A nan ma'auni ya tsaya: ganga da cikinta, dattijo da muryarsa. Kyawun wannan gyara shi ne in bai yi maka ba, ka ɓare ka yar, babu abin da ka rasa.

Buɗe kofin kuwa wani mataki ne daban, kuma ban yi shi ni kaɗai ba. Da gam aka haɗa rabi biyun kofin Grado, sai an ɗumama yake saki. Na kai wa wani matashi mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda na san nutsuwar hannunsa. Ya rage zafin bulowarsa zuwa ƙasa, ya riƙe ta nesa, yana zagaya mahaɗar a hankali, yana taɓawa da bayan yatsa don kada robar ta yi laushi. Da gam ɗin ya saki ya murɗa kaɗan, ya ja, kofin ya rabu, ya tsayar da hannunsa nan take saboda wayar da ke ciki gajera ce. Ya ɗaga sifikar wajen hasken taga, sai ga ramukan da ke zagaye da maganaɗisun suna bayyana ta cikin siririn ƙyallen da ya rufe su. Aikin wannan ƙyalle rage wa tantanin gudu ne. In ka huda shi, iska ta sami hanya, tantanin ya sake, bes ya ƙaru.

Na miƙa masa basillar da na zo da ita. Ya girgiza kai. "Yallaɓai, wannan ƙarfe ne. Maganaɗisun zai fizge ta, kuma tantanin yana nan ƙasa kaɗan. In ta taɓa shi, shi ke nan." Ya ɗauko tsinken sakace na itace, ya kifa sifikar yadda duk ɓurɓushin da ya faɗo zai zubo ƙasa maimakon ciki, sannan ya dube ni. "Ka tabbata? In an huda fa, ko an liƙe ba ya komawa yadda yake." Na ce a yi ɗaya a kowane gefe. Muka haɗa kofunan ba gam, na saurara a tsakiyar hayaniyar kasuwa, na ce a ƙara ɗaya. A biyu na tsaya. Wasu na kaiwa huɗu ko fiye, amma tun a na biyun na ji in aka ƙara, bes zai hau kan murya, murya kuwa ita ce abincina.

Tunda an riga an buɗe, ya manna ɗan guntun Dynamat a bayan maganaɗisun, wannan baƙin abu mai danƙo da masu haɗa sautin mota ke liƙawa a ƙofa, gwargwadon farce, ba tare da ya toshe wani rami ba. An ce yana kashe girgizar ƙarfen. Na saurara iya saurarona, ban ji bambancin da zan iya rantsuwa a kansa ba.

Abin da ya rage yoyon da gaske ya zo ne ta inda ban zata ba. Bayan kamar mako guda uwargida ta ce, "Maigida, kwanan nan ba na jin ka. Ka daina aikin dare ne?" Ban daina ba. Na duba ma'aunin ƙarar kwamfuta, sai na ga ya sauka sosai daga inda na saba ajiye shi, ba tare da na yi niyya ba. Ashe a dā bes nake bi ina ƙara murya. Tun 1933 wasu masana biyu a ɗakin binciken Bell na Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in ƙara ta yi ƙasa, kunne ya fi saurin rasa sauti mai kauri a kan na tsakiya. Mutum sai ya yi ta murɗa ƙara don ya ji ganga, a tare kuma yana ɗaga kaifin da ke tashin mai barci. Da salatif da huji biyun suka kawo mini bes a ƙaramar ƙara, hannuna ya daina zuwa wajen maɓallin. Ragin desibel 10 kuwa, a ma'aunin ƙarfin ƙara, kunne yana jin sa kamar an raba ƙarar biyu.

Da na gane haka sai na ƙara abu biyu da ba su ci mini ko kwabo ba. Na sa manhajar Equalizer APO mai daidaita sassan sauti, kyauta ce a Windows, na ɗan sauke sautin wajen kaɗawa 2,000 a sakan inda Grado ke da tudu, na ɗan ɗaga ƙasa. Wannan ya rage daidai yankin da ke tsallaka labule. Da yau zan fara, da ita zan fara kafin in bari a ɗumama kofi. Sannan na juya teburin. A dā ragar kunnen damana tana kallon ƙofar ɗaki kai tsaye, kuma ta gefen kunnuwa sautin ya fi fita, ta gaba da ƙeya ya fi rauni. Yanzu na ba ƙofar baya, na kuma matsa can bangon nesa. A fili, duk ninka nisa yana rage desibel 6. A ɗaki bango na mayar da wani abu, amma ragin yana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Na kawo wannan ne saboda buɗaɗɗen hedifon yadda yake fitarwa haka yake shigarwa. Daren da maƙwabci ya tada janareta, ƙarar tana shigowa kamar babu komai a kunnena, kuma sha'awar murɗa maɓalli tana dawowa. A irin wannan dare ajiye shi nake yi in ɗauki mai rufaffen baya. A daren da gari ya yi tsit kuwa, wannan buɗewar alheri ce: ina jin motsin jaririya kafin ta kai ga kuka, ina jin an ƙwanƙwasa ƙofa, kiran asuba ba ya wuce ni.

Ƙurar hunturu ma sai an yi hattara da ita. Sau ɗaya kunnen hagu ya fara zizi duk sanda ganga ta buga, hankalina ya tashi na ɗauka hujin ne ya jawo. Na zare soso, na haska da tocila, sai ga ɗan gashi ya shige ta ramukan gaba yana taɓa tantanin. Na hura a hankali daga gefe, ya fita, zizin ya tafi. Tun daga ranar a rigar matashin kai nake ajiye shi.

Wanda zai yi sauraro a mota, ko ofis mai tebur kusa da tebur, ko ɗakin kwanan ɗalibai, kada ya sayi wannan da fatan zai toshe shi. Mutumin da ke zaune kusa da ni a kujera ɗaya har yau yana jin abin da nake ji. In sha'awarka ita ce buɗe kofi da cusa auduga da gwada rufewa, Fostex T50RP na Japan ya fi dacewa da hannunka: da sukurori aka ɗaure shi, bayansa rabin rufe yake tun asali, kuma a kan gyaransa masu ƙera hedifon Dan Clark da Zach Mehrbach na kamfanin ZMF suka fara kafin su kafa nasu sunan. Sai dai shi yana buƙatar amfilifaya mai ƙarfi.

Nawa yanzu haka yake: soson L na asali, rabin salatif, huji biyu a kowane gefe, da faifan ƙyallen ulu guda biyu, ɗaya a kowane kunne, da nake ɗorawa a kan raga in dare ya raba, in cire da safe. Baƙin salatif ɗin bai jure zafin watan Afrilu ba, gam ɗinsa ya narke ya fara kama mini gashin gefen kunne. Na goge soson, na koma salatif ɗin takarda na masu fenti, na shafa masa baƙar maka. Yana ɗan fitar da iska fiye da na roban, don haka na ƙara masa faɗi kaɗan, kuma duk wata uku nake sake shi.